Hoton da ke cika gari da baƙi: abin da bincike ya gano game da kafofin sada zumunta da yawon buɗe ido

Ranar 21 ga Mayun 2024 ma'aikata suka kafa turaku a bakin wani titi a garin Fujikawaguchiko na ƙasar Japan, suka ɗaura baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5. Manufar hukumar garin ita ce ta ɓoye Dutsen Fuji, abin alfaharin ƙasar, daga idon baƙin da suka zo takanas domin ganinsa.

A tsallaken titin akwai kantin Lawson, irin ƙananan kantunan da suka cika kowane lungu na Japan. Idan mutum ya tsaya a daidai wani wuri a gefen titin ya ɗaga waya, zai ga dutsen nan mai tsayin mita 3,776, da farar ƙanƙara a kansa, ya leƙo ta bayan rufin kantin. Hoton ya bazu a Instagram da sauran kafofi, sai jama'a suka riƙa yin dafifi a wurin tun da sassafe. Suna tsallaka titi ba tare da duba mota ba, suna ajiye motoci inda aka hana, suna watsar da shara, wasu har suna kutsawa harabar wani asibitin haƙori da ke wurin don samun kusurwa mai kyau. An kafa alluna, an zuba masu gadi, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ko labulen ma bai tsira ba: cikin kwanaki kaɗan aka tarar an huda shi a wurare kusan 10, kowane rami daidai idon kyamarar waya. A watan Agusta aka sauke shi saboda guguwar da ke tafe.

Dutsen Fuji ya daɗe da shahara, kuma ana hango shi daga ɗaruruwan wurare. Abin da ya tara mutane a wannan ɗan gefen titi hoto guda ne da kowa ke son ya ɗauki irinsa. Masu binciken harkar yawon buɗe ido sun shafe kusan shekara 20 suna bin diddigin wannan lamari, kuma abin da suka tara ya isa a yi hukunci a kansa: kafofin sada zumunta suna da ƙarfin kiran baƙi da saurin da babu wata hukumar talla da ta taɓa samu, amma wuri ɗaya suke tara su, a lokaci ɗaya, ko wurin ya shirya ko bai shirya ba.

Kafin hoto ya karɓe ragama, rubutu ne ya fara. A 2010 masu bincike biyu, Zheng Xiang da Ulrike Gretzel, suka wallafa wani nazari a mujallar Tourism Management wanda har yau ake yawan kafa hujja da shi. Sun kwaikwayi matafiyi mai shirin tafiya, suka riƙa neman bayani a Google kan birane 9 na Amurka, sannan suka tantance shafuka sama da 10,000 da binciken ya fito musu da su. Kimanin kashi 11 cikin 100 sun fito ne daga shafukan da matafiya ke rubuta ra'ayinsu da kansu, irin su TripAdvisor. A shekarar ne ma aka ƙaddamar da Instagram. Tun a lokacin an fara gane cewa mai otal da ofishin talla sun rasa ikon da suke da shi na zama su kaɗai ne masu ba da labarin hajarsu. Baƙon da ya kwana jiya ya ga famfo ba ruwa yana da bakin da zai kai ga dubban mutane.

Wannan bakin yana da farashi, kuma an auna shi. Chris Anderson na Jami'ar Cornell ya nuna a 2012 cewa idan makin da baƙi ke ba otal ya ƙaru da ɗaya a ma'aunin maki 5, otal ɗin zai iya ƙara kuɗin ɗaki da kashi 11.2 cikin 100 ba tare da baƙinsa sun ragu ba. Shekara guda kafin nan Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya haɗa makin shafin Yelp da bayanan kuɗin shigar gidajen abinci na birnin Seattle, ya ga ƙarin tauraro ɗaya yana kawo ƙarin ciniki na kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Wani abin lura a aikin Luca shi ne, ƙananan gidajen abinci masu zaman kansu ne suka ci wannan moriya. Manyan kamfanoni masu rassa ko'ina, waɗanda kowa ya riga ya san ɗanɗanon abincinsu, makin bai motsa cinikinsu ba. Wannan albishir ne ga ƙaramin ɗan kasuwa wanda ba shi da kuɗin talla a talabijin.

Sai dai duk inda tauraro ya zama kuɗi, za a samu masu ƙera na jabu. Dina Mayzlin da Yaniv Dover da Judith Chevalier sun ɓullo da wata dabara ta kamo wannan a nazarin da suka wallafa a 2014. A shafin Expedia sai wanda ya biya kuɗin ɗaki ta shafin yake iya yin sharhi, a TripAdvisor kuwa kowa na iyawa. Da suka jera makin otal-otal iri ɗaya a shafukan biyu, sai suka ga ƙananan otal masu zaman kansu sun fi tara taurari 5 a shafin da ba a tantance mai rubutu, maƙwabtansu kuma sun fi shan tauraro 1 ko 2 a can. Wato wasu na yabon kansu da sunan baƙi, suna kuma shafa wa abokin gasa kashin kaji.

Wanda ya fallasa girman ɓarakar ga duniya wani marubuci ne a Landan, Oobah Butler. A da ana biyansa fam 10 ya rubuta yabon gidan abincin da bai taɓa shiga ba. A 2017 ya yi wa rumfar katakon da yake zaune a ciki, a unguwar Dulwich, rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci na alfarma wanda ba a zuwa sai da alƙawari. Ya sayi waya mai araha domin amsa kira, ya ɗauki hotunan abincin da ya haɗa da kumfar aski da ƙwayoyin wankin banɗaki, abokansa suka yi ta zuba yabo. Duk wanda ya kira sai ya ce masa babu gurbi sai bayan makonni, hakan kuma ya ƙara wa mutane kwaɗayi. Rumfar ta fara daga matsayi na 18,149. A farkon Nuwamba ta zama ta ɗaya a duk Landan, alhali ba ta taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba. A shekara mai bi wata kotu a birnin Lecce na Italiya ta yanke wa mai wani kamfani ɗaurin wata 9 saboda sayar wa otal-otal da gidajen abinci sharhin ƙarya.

Da wayoyi masu kyamara suka wadata, sai gani ya kori ji. Misalin da aka fi ambatawa shi ne Trolltunga, wani falalen dutse da ya miƙo cikin iska kimanin mita 700 a saman wani tafki kusa da garin Odda na ƙasar Norwe. A 2009 mutum 500 ne kacal suka je wurin; a 2014 sun kai 40,000. A hoto za a ga mutum shi kaɗai a bakin dutsen, duniya ta yi tsit a ƙarƙashinsa. Abin da hoton ke ɓoyewa shi ne layin mutanen da ke bayan mai ɗauka, kowa na jiran nasa lokacin na awa guda ko fiye, da kuma tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 27 zuwa da dawowa, wadda kan ci awa 10 zuwa 12 a tsaunukan da yanayinsu ke juyewa ba sallama. Mutane suka riƙa zuwa da takalmin yawon gari da ƙaramar riga, masu aikin ceto na sa kai suka yi ta hawa suna sauko da su. A Satumbar 2015 wata ɗaliba 'yar Ostireliya ta faɗo daga wurin ta rasu. Daga baya hukumomi suka zuba masu gadin tsauni a kan hanyar, suka gina ɗakunan fakewa.

Wasu garuruwan da kansu suka nemo wannan kasuwa. A 2015 hukumar yawon buɗe ido ta Wanaka, wani ƙaramin gari a New Zealand, ta fara gayyato masu ɗimbin mabiya a Instagram tana ɗaukar nauyinsu, baƙin garin suka ƙaru da kashi 14 cikin 100, ƙarin da ya fi na ko'ina a ƙasar. A 2017 kuma wani kamfanin inshora a Birtaniya, Schofields, ya tambayi matasa 1,000 'yan shekara 18 zuwa 33 abin da suka fi dubawa wajen zaɓen inda za su je hutu, kashi 40 cikin 100 suka ce yadda wurin zai yi kyau a Instagram. Jaridu sun yi ta yaɗa wannan adadi, amma ya kamata a riƙe shi da hannu biyu: ƙuri'ar jin ra'ayi ce ta kamfani mai neman a ambaci sunansa, ba ta kai nauyin aikin Cornell ko na Harvard ba.

A gabashin tsibirin Bali na Indonesiya akwai haikalin Hindu na Lempuyang, mai wata ƙofa ta ginshiƙai biyu da Dutsen Agung ke bayyana a tsakaninsu. A dubban hotuna ana ganin ƙofar da inuwarta a cikin wani ruwa mai garai-garai. Babu ruwa a wurin. Baƙo yana isa a ba shi lamba, ya ɗaura zane kamar yadda dokar haikalin ta tanada, ya zauna jira, wani lokacin na awanni. Idan aka kira lambarsa sai ya miƙa wayarsa ga wani mutumin yankin da ke zaune a ƙasa ƙarƙashin laima, wanda zai kanga ɗan guntun madubi a ƙasan idon kyamarar, ya riƙa ba shi umarnin sauya tsayuwa, cikin minti ɗaya ko biyu a kira na gaba. A 2019 wata 'yar jaridar mujallar Fortune ta saka hoton gaskiyar wurin a Twitter, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma layin bai watse ba. Mutane da yawa sun san da madubin kafin su taso daga gida, kuma hoton suka zo nema.

A nan ne masu bincike na ƙwarai ke taka birki, kuma suna da gaskiya. Hauhawar baƙi a wuri ba ta isa hujjar cewa Instagram ne ya kawo su ba. Baƙin ƙasar Aisland sun tashi daga ƙasa da 500,000 a 2010 zuwa kimanin miliyan 2.3 a 2018, amma a cikin shekarun ne kuɗin ƙasar ya yi araha bayan rushewar bankunanta a 2008, jiragen sama masu rahusa suka yawaita, gwamnati kuma ta zuba kuɗi a talla bayan aman wutar dutse na 2010. Japan ma ta karɓi baƙi kusan miliyan 37 a 2024, a daidai lokacin da darajar yen ta faɗi warwas. Farashin tikiti da sauƙin biza su ne ke shigo da mutum ƙasa. Aikin hoto ya fi bayyana bayan ya sauka, wajen zaɓen kwazazzabon da zai nufa da titin da zai tsaya. Kwazazzabon Fjaðrárgljúfur na Aisland ba kowa ya san shi ba kafin mawaƙi Justin Bieber ya ɗauki bidiyo a can a 2015. Zuwa 2019 ƙafafun mutane sun tattake ciyayin wurin har hukumar kare muhalli ta rufe shi na wani lokaci.

Mazauna wuraren su ne ke biyan kuɗin da ba ya cikin lissafin kowa. Hallstatt ƙauye ne a bakin tafki a ƙasar Ostiriya, mutanensa ba su kai 800 ba, amma a ranar cunkoso baƙi kan kai 10,000. A Mayun 2023 hukumar ƙauyen ta kafa shingen katako a wurin da aka fi ɗaukar hoto, ta cire shi bayan kwanaki saboda suka. A Agusta mazauna suka fito suka tare hanyar shiga garin. A yankin Jackson Hole na Amurka kuwa, hukumar yawon buɗe ido da kanta ta roƙi baƙi a 2018 da su daina saka alamar ainihin wurin da suka ɗauki hoto, bayan wani ɓoyayyen tafki da a da mutum ɗaya ko biyu ke zuwa a rana ya koma karɓar sama da 100. Akwai kuma asarar rai. Likitocin cibiyar AIIMS da ke New Delhi sun ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar hoton kansu daga Oktoban 2011 zuwa Nuwamban 2017, fiye da rabinsu a Indiya, akasarinsu samari 'yan shekara 20 da ɗoriya, kuma nutsewa a ruwa ce ta fi cin su.

Hotunan da ke jawo cunkoson sun zama kayan aiki a hannun masana. A 2013 Spencer Wood da abokan aikinsa suka kwatanta yawan hotunan shafin Flickr masu alamar wuri da ainihin adadin baƙi a wuraren shaƙatawa 836 a faɗin duniya, suka ga alƙaluman suna tafiya tare. Masu bincike na Jami'ar Helsinki sun maimaita irin wannan a 2017 a gandun daji 56 na Finland da Afirka ta Kudu, Instagram ya fi Twitter da Flickr dacewa da littafin bakin ƙofa. Ga hukumar da ba ta da kuɗin ƙidayar baƙi, wannan hanya ce mai araha ta sanin watan da mutane ke zuwa da kusurwar da suke taruwa. Amma nazarin ya nuna lissafin ya fi yin daidai a gandun da dama can suke da baƙi da yawa. Wurin da ba a zuwa, ko wanda masu zuwansa ba sa saka hoto da alamar wuri, sai ya ɓace daga taswirar baki ɗaya, kuma wuraren shaƙatawa da dama na Afirka ta Yamma a wannan rukuni suke.

Birnin da ya nuna yadda ake tarbar irin wannan ambaliya shi ne Zibo, wani garin masana'antu a lardin Shandong na ƙasar Sin wanda ba ya cikin jerin wuraren yawon kowa. A Maris 2023 bidiyon tsirensa ya mamaye Douyin, wato TikTok na cikin Sin: a ajiye wa kowane tebur ƙaramin murhun gawayi, mai ci ya ƙarasa gasa namansa da kansa, ya naɗe shi da ganyen albasa cikin siririyar gurasa. Ɗaliban jami'a suka fara, sauran jama'a suka biyo da miliyoyinsu. Hukumar birnin ba ta tsaya kallo ba. Ta sa aka ƙara jiragen ƙasa na musamman daga Jinan, ta buɗe layukan bas zuwa rumfunan tsire, ta buga taswirarsu, ta sa ido kan masu otal da direbobin tasi kada su tsawwala farashi. Baƙi suka koma gida suna yabon kirkin mutanen garin fiye da naman. Duk da haka, bayan wasu watanni hankalin matasa ya koma wani wurin, wasu da suka ci bashi suka buɗe sababbin rumfuna suka rufe.

A Afirka ta Yamma, Ghana ce ta fi iya haɗa shiri da hoto. Shugaba Nana Akufo-Addo ya ayyana 2019 a matsayin shekarar komowa gida ga jikokin bayi, cika shekara 400 da kai rukunin farko Virginia a 1619. Fitattun mutane irin su Steve Harvey da Idris Elba da Naomi Campbell sun ziyarci ƙasar, hotunan baƙi a kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina suka zagaya tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, gwamnati kuma ta sassauta biza. Baƙin shekarar sun kai kimanin miliyan 1.1, kuma tun daga nan watan Disamba a Accra ya zama kasuwa mai zaman kanta. A Najeriya, bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, da ake yi bayan Babbar Sallah, ya daɗe yana gudana, amma a 2024 hoton wani mahayi mai suna Farooq Oreagba a kan doki, cikin babbar riga mai ratsin kore, da zane a hannayensa, ya kai sunan bikin inda tallar gwamnati ba ta taɓa kai shi ba. Majalisar raya al'adu ta ƙasa ta naɗa shi jakadan girmamawa.

Ƙasar Hausa ba ta rasa abin ɗauka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe ya ga 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, ya ji kakaki da algaita da ƙarar bindigogin gargajiya, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun ja linzami a gaban Sarki suna jinjina, ya san babu buƙatar madubin ƙarya a nan. Kowace Sallah matasan masu ɗaukar hoto na Kano da Zariya da Katsina kan cika Facebook da Instagram da TikTok da hawan garinsu, ba tare da wata hukuma ta biya su ba. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Matsalar tana wani wurin. Baƙon da zai taso daga Legas ko Landan yana sayen tikiti watanni kafin lokaci, don haka yana buƙatar tabbacin cewa za a yi bikin. 'Yan sanda sun hana hawa a Kano a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin masarauta. Bikin Argungu ya shafe kusan shekara 10 ba a yi ba kafin a dawo da shi a Maris 2020. Mai otal da mai rini a Ƙofar Mata da dukawan Kurmi ba za su iya gina kasuwa a kan ranar da ba ta da tabbas ba, komai yawan masu danna hoton.

Agadez ta ƙasar Nijar ta ɗanɗani wannan rashin tabbas fiye da kowa. A farkon shekarun 2000, da sanyi ya shigo, jiragen shata kan taso kai tsaye daga Faransa cike da Turawa masu zuwa ganin tsaunukan Ayar da rairayin Tenere, ɗaruruwan direbobi da 'yan rakiya da maƙeran azurfa suna ci daga gare su. Tawayen 2007 ya tsayar da jiragen, sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumbar 2010 ya sa Faransa ta shafa wa yankin jan launi a taswirar gargaɗin matafiya. A wata mai bi aka buɗe Instagram. A 2013 UNESCO ta sanya tsohon garin, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsayin mita 27, cikin wuraren tarihi na duniya, hotunansa kuma suna ta yawo a intanet har yau. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu kuwa, da yawansu sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, wasu kuma suka nufi haƙar zinariya a Djado bayan an gano ta a 2014.